Turke Ba Ya Motsi a Fareti

Mijina soja ne, kofur, kuma duk faɗin barikinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Turke ake ce masa. Farkon aurenmu ina jan aji, Kofur nake cewa, da haihuwa ta zo na koma Baban Yara. Amma in ya ƙure ni, Turken nan nake kira, don wallahi wanda ya laƙaba masa sunan bai yi ƙarya ba.

Dogo ne, irin tsawon da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin ɗinmu. A fareti shi ake fara kafawa a ƙarshen dama na sahun gaba, sannan sauran su zo su daidaita kafaɗunsu da tasa. In ya karkace, sahu duka ya karkace. Aikin da ya yi suna a kansa ke nan, tsayuwa. Wasu sun iya harbi, wasu tuƙi, wasu busa a badujala, nawa mijin Allah ya hore masa tsayuwa. Rana ta dake shi, gumi ya shiga masa ido, ƙuda ya yi masa yawo a hanci, ko gezau. Samanja, wanda shi ne uban filin fareti, mutumin da bai iya yabo ba ko na sisi, in yana zagin sababbin kurata sai ya nuna shi da sandarsa ya ce, "Ku dubi mutum!"

Surukata ta ce tun yana yaro haka yake. Ubansa kafinta ne mai aikin rufi, shi ke riƙe masa tsani. Wata rana cinnaku suka hau masa ƙafa suka yi ta cizo, yaro na hawaye amma bai saki tsanin ba har uban ya sauko. Tana ba da labarin da alfahari. Ni ma a lokacin dariya na yi, na ce ashe abin daɗaɗɗe ne.

A gida kuwa ba ka ce shi ba ne. Shi ke yi wa yara wanka, yana rera musu waƙa da wata murya da ko jaki ba zai yi hassadarta ba. Bai iya gyaran famfo ba, in ya taɓa sai mun kira mai gyara ya gyara gyaransa. Amma kakinsa, ina! Ba ya yarda in taɓa. Shi zai sa sitati, shi zai yi guga, ya goge takalmi har sai ka ga fuskarka a ciki. Kayan fareti kuma nasu daban ne. Duk sojan da ya san kansa yakan kai wa telan bariki ya ɗinke aljifan ruf, don kada su yi ciki su ɓata layin guga. Ko hankici ba a sawa. Samanja yakan bi sahu yana shafa cinyoyinsu da sanda, in ya ji tudu, ranar mai tudun ya shiga uku.

Haka muke zaune lafiya lau, har ranar da muka kai wa surukata ziyara cikin gari.

Ta ce masa ya sauko mata da wata tsohuwar katifa daga saman rumfar bayan gida. Ashe rina ta yi gida a wurin. Guda ɗaya ce ta harbe shi a wuya. Ya shigo yana dariya yana sosawa, wai an ci soja da yaƙi. Na ɗauko ƙanƙara zan ɗora masa, sai na ga yana sosa tafin hannu, yana sosa kai. Kafin in ce me, borin jini ya feso masa a ƙirji da damtse, leɓɓansa suka cika. Ya ce, "Ba ni ruwa," sai na ji muryar ba tasa ba ce, wata 'yar siririya ce a shaƙe. Ya miƙe zai je bayi, ya yi amai a bakin ƙofa, ya zube. Mutumin da ban taɓa ganin ko tuntuɓe ya yi ba.

Surukata na salati, ni ina ihu a titi, har Allah ya kawo wani mai mota ya kwashe mu zuwa asibitin da ke kusa. A cikin motar kansa na kan cinyata, numfashinsa na fita da wani ƙara kamar ana busa usur. Har yau in yaro ya busa usur a layinmu sai gabana ya faɗi.

Likitar da ta karɓe shi mace ce, ba ta da wasa. Bayan ya dawo hayyacinsa ta zaunar da mu. Ta ce jikinsa ne ba ya shiri da dafin rina da na ƙudan zuma, in ya shiga jininsa sai jikin ya haukace, maƙogwaro ya kumbura ya toshe, jini ya kasa hawa kai. Ta ce wannan karon an yi sa'a, na gaba zai iya fin wannan sauri. Ta rubuta mana wata allura mai kama da ƙaton biro, guda biyu, ta koya mini yadda ake cire murfi a daka ta a gefen cinya, ko ta saman wando ne. Ta ce a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, kada a kuskura a tsayar da shi ko da ya ce ya warke. Sannan ta dube shi ta ce, "Malam soja, ka je ka gaya wa likitanku na bariki. Allurar nan kuma kada ta rabu da jikinka."

Ya ce to. Na san wannan "to" ɗin, ba ta da ƙafa.

Muna komawa gida na ce gobe sai asibitin bariki. Ya ce ba inda za shi.

"Haba Baban Yara, ba ka ji abin da likita ta ce ba?"

"Na ji. Ke kin san abin da ya sami Mai Asma?"

Na sani. Wani abokinsa ne da suka shiga soja tare, ciwon ƙirji ya kama shi, likitoci suka zauna a kansa suka sallame shi. Yanzu gadi yake a wani kanti.

"Shi ciwo gare shi," in ji Turke. "Ni kuma a ce me? A ce ƙwaro ya cire mini kaki? In shiga gari a ce ga sojan da rina ta kora?"

"Gara a ce ga sojan da rina ta kora da a ce ga kabarinsa!"

Muka yi ta yi. Na yi kuka, na yi fushi, na daina yi masa magana, na haɗa shi da uwarsa, ita kuma ta ce a bar wa Allah. Da na ce ni zan je in gaya wa likitan da bakina, sai ya dube ni, ya ce in na yi haka na tuɓe shi a kasuwa, kuma ba zai manta ba. Bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Daga ƙarshe ya yi mini alkawari zai riƙa yawo da allurar, kuma ya cika, don shi ba ya saɓa magana. Kakin aiki na da babban aljihu a cinya, a nan take zama.

Amma kayan fareti fa? Aljifai a ɗinke. Ya gwada cusa ta cikin safa, da ya buga ƙafa sau biyu ta zame ta faɗo. Ya gwada ƙarƙashin bel, ta yi tudu. Ya ce, "Fareti ai ba daji ba ne, fili ne fetal." Na ce filin da bishiyoyi suka zagaye shi, suna fure suna ƙugi tun safe? Ya ce ni na cika tsoro.

Ƙwarai kuwa ina tsoro, ban ɓoye ba. Tun daga ranar na zama wata iri. Ƙuda ya gifta sai na zabura. Na hana shigo da lemon kwalba gidan, na tumɓuke furannin da na shuka da hannuna a bakin ƙofa, na bi rufin gidanmu da na maƙwabta da tsintsiya ina neman gidan rina. Kuma duk ranar da za a yi fareti, ko na gwaji ne, sai in sa allurorin biyu a jaka in je in zauna a bayan igiyar da ake tsayar da iyalai. Maƙwabciyata, matar Saje, ta sa ni gaba da tsiya.

"Ke wai amarcin nan naku ba ya ƙarewa ne? Mutumin da kika kwana da shi kika tashi da shi, kuma ki biyo shi rana ki zuba masa ido?"

"To ya na iya, tunda na auri mai kyau," nake ce mata, muna dariya. Hannuna kuwa yana cikin jaka, a kan allura.

Wanda bai zauna bariki ba ba zai gane filin fareti ba. Ba a taka shi. Soja ma in ba fareti ake ba zagayawa yake, komai saurin da yake yi. Farar hula kuwa ko a mafarki. In ana tsaye wani ya yanke jiki ya faɗi saboda rana, ba mai waiwaye, ko ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai masu gadon ɗaukar marasa lafiya a can baya, su ne za su rugo su janye shi. Amma sai ka faɗi za su zo. Muddin kana tsaye, to lafiyarka ƙalau, haka dokar take.

Sai aka ce wani babban hafsa zai zo faretin ban kwana. Bariki ya rikice. Aka yi wa duwatsu fenti, aka yi wa gindin bishiyoyi fenti, har aka jero tukwanen furanni a gefen fili, daidai ɓangaren da mijina ke tsayawa. Da na ga tukwanen nan sai ƙudan zuma ya faɗo mini a rai. Da safe yana ɗaura bel na ce, "Baban Yara, don girman Allah, in ka ji wani abu ka ɗaga hannu." Ya gyara hularsa a madubi, ya ja kumatun autarmu, ya ce in daina yi masa baki.

An jera su tun rana ba ta yi zafi ba, babban baƙo bai iso ba sai da ta take. Badujala ta buga, aka sara, hafsan ya zagaya sahu, ya fara ta kan Turke ya wuce. Na ɗan saki numfashi. Sai ya hau mumbari ya kama jawabi, jawabin da ba shi da ranar ƙarewa, yana ba da tarihin aikinsa tun daga kurtu.

Ban ga abin da ya harbe shi ba. Ƙarya ne in ce na gani. Abin da na fara gani maƙoshinsa ne, yana hawa yana sauka, yana haɗiyar abin da ya ƙi haɗiyuwa. Sai na ga fuskarsa tana ƙyalli, ba irin ƙyallin gumi ba. Na kama hannun matar Saje.

"Dubi bakinsa."

"Bakin wa? Ke rana ce, kowa ma haka yake."

"Dubi leɓensa na ce!"

Ta ƙura masa ido. Ni kuwa a raina ina ta roƙonsa, faɗi, faɗi mana, don Allah ka faɗi su zo su ɗauke ka. Wanda ke tsaye kusa da shi abokinsa ne, Rediyo ake ce masa saboda surutu. Daga baya ya gaya mini shi ma abin da yake faɗa ke nan ta gefen baki, idonsa na kallon gaba. Ya ce yana jin numfashin Turke na fita da ƙara, ya yi ta raɗa masa, "Turke, zube. Zube, ba wanda zai ga laifinka." Ya ce ko ƙifta masa ido bai yi ba.

Na ga idanunsa sun fara shigewa cikin kumburi. Kuma yana tsaye tsam, kafaɗa a miƙe, sahu duka a daidaice da shi. Masu gado na can baya suna hamma. Ɗaruruwan mutane a filin nan, mijina na mutuwa a tsakiyarsu, kuma ba wanda doka ta yarda ya motsa. A nan na gane ba zai faɗi ba sai rai ya fita.

Ban san lokacin da na shige ta ƙarƙashin igiya ba. Na ji matar Saje ta ce, "Ke! Kin haukace?" Takalmina ɗaya ya cire, na bar shi. Ƙasan filin na ƙona mini ƙafa, mayafina ya faɗi, ina gudu ina jin lasifika ta yi tsit. Wani ɗan sandan soja ya sha gabana ya cafke mini hannu, na gantsara masa cizo, Allah ya yafe mini, yaron kirki ne. Na ƙwace ina ihu, "Mijina! Zai mutu! Ku kwantar da shi!"

Da na isa gabansa ban gane shi ba. Fuska ta cika ta yi suntum, leɓɓa sun yi toka-toka, wuyan rigar ya nutse cikin naman wuyansa. Na tura ƙirjinsa da hannu biyu don ya kwanta, kamar na tura bango. Sai na cire murfin allurar da haƙori na daka masa ita a cinya ta saman wandon nan mai sitati, na danne. Na juya na ce wa Rediyo, "Kai kuma tsaya nan kana kallon gaba, ɗan banza, abokinka na mutuwa!"

Rediyo ya saki bindigarsa. Na ji ƙarar faɗuwarta a ƙasa, na ji duk filin ya ja numfashi, don a wurinsu wannan ya fi zagin uwa. Ya rungumo Turke ta baya ya lanƙwasa masa gwiwa da tasa gwiwar, suka zube tare.

Sai ga masu gado a guje da gorar ruwa. Su abin da suka saba shi ne suman rana, a zaunar da mutum, a kwara masa ruwa, a ɗaga shi ya taka da ƙafarsa ya bar fili, don a wurinsu abin kunya ne a fitar da soja a kwance in zai iya takawa. Suka kama hammatarsa za su ɗaga. Na faɗa kan ƙirjinsa na ƙanƙame.

"Kada ku tsayar da shi! Likita ta ce kada a tsayar da shi! Ƙudan zuma ne, ba rana ba ce!"

"Madam, matsa mana, aikinmu ne."

"Wallahi sai dai ku ɗaga mu tare!"

Sai na ga takalma masu ƙyalli da ƙarshen sanda a gefena. Samanja. Na ce yau ta faru ta ƙare. Ya dubi fuskar Turke, ya dubi allurar da ke hannuna. Ya daka wa masu gadon tsawa su sake shi, ya sa Rediyo ya ɗaga ƙafafun, shi da kansa ya durƙusa ya fizge maɓallan wuyan rigar har suka tarwatse. Ga ƙudan zuman a murƙushe cikin kwala, ƙarinsa a kafe a wuya.

Numfashin ya ɗan buɗe, sannan ya sake shaƙewa. Idonsa ya juye. Ina jijjiga shi ina kiran duk sunayen da na taɓa kiransa da su. Likitan bariki ya iso a guje, ya karɓi allura ta biyu daga hannuna ya daka masa, ya tambaye ni tun yaushe yake da wannan. Na gaya masa. Ya girgiza kai kawai, aka sa shi a motar asibiti, ni kuma na shiga da takalmi ɗaya.

Ya rayu. Sai da aka zura masa roba a maƙogwaro, amma ya rayu. Ba a kore shi ba ma, bayan duk tashin hankalin da muka sha a kan korar. Likitoci suka zauna, aka cire shi daga fareti da aikin daji, aka mai da shi sito yana raba barguna da takalma. Aka rataya masa wani jan ƙarfe a wuya mai bayanin ciwonsa. Allurarsa na aljihu kullum, ina dubawa kafin ya fita. Rediyo ya sha horo saboda bindiga, ya ce ko gobe zai sake. Matan bariki kuwa har yau in na wuce sai a ce ga mai taka fili.

Mutane na ce mini in gode wa Allah, hankalina ya kwanta. Ina godiya. Amma hankalina bai kwanta ba, kuma zan faɗi dalili.

Ranar da aka cire masa robar, ina zaune a gefen gado ina shafa masa hannu. Kumburin ya fara saɓewa, idanunsa sun fito. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya juyo gare ni yana motsa baki. Na kai kunnena, a zatona yara zai tambaya, ko ya ce in yafe masa, ko ma ya yi mini faɗan taka fili, duk na shirya.

"Kafin ki zo," ya ce da wata murya a dishe, ya tsaya ya haɗiyi yawu da ƙyar. "Na motsa?"

Na dube shi.

"Ka ji harbin?" na ce.

"Na ji. Tun yana fara jawabi."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani." Ya matse mini yatsu. "Gaya mini gaskiya. Na motsa?"

Na so in yi masa ƙarya. Na so in ce ka motsa, ka yi tangaɗi, ka karkata sahu, kowa ya gani, ko Allah zai sa abin ya fita daga ransa. Bakina ya kasa.

"Ba ka motsa ba," na ce.

Ya lumshe ido, ya saki murmushi da leɓɓan nan da ba su gama saɓewa ba, irin murmushin da ya yi ranar da aka miƙa masa ɗanmu na fari. Na zare hannuna a hankali na fita baranda, na jingina da bango.